Dalilin Zamanmu a Rinji

Ni ɗan Rinji ne, wata 'yar unguwa a ƙasar Buji wadda gidajenta ba su kai a kira ta gari ba. Yanzu a Dutse nake zaune da iyalina, na kusa ajiye aikin gwamnati, kuma duk wanda ya tambaye ni garinmu sai in ce masa Buji, in tsaya a nan. Ina yaro ban san abin da kalmar rinji take nufi ba, na ɗauka suna ne kamar kowane suna. Sai da na yi wayo na gane haka ake kiran ƙauyen da mai hali yake tara bayinsa su yi masa noma.

Kakata ta wajen uba, Iya muke ce mata. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, siririya, ba ta da yawan dariya amma ba ta taɓa korar yaro daga ƙofar ɗakinta ba. Murhunta yana ƙarƙashin wata rumfar kara. Idan gero ya fara nuna a ƙarshen damina, mukan karyo zangarniya mu kawo mata, ta gasa mana tumu, ta murje a tafin hannunta, ta hure ƙaiƙayin, ta zuba wa kowa a hannu. Tsakanin magariba da lisha ke nan. Yaran maƙwabta duk nan suke taruwa, ita kuwa ta yi ta ba mu tatsuniyar kura da biri, tana canza murya, har mai kiran sallah ya tashe mu.

Wata rana aka wuni ana ruwa, hanya ta jagwalgwale, babu yaron da ya zo daga waje. Daga ni sai yayata Hanne. Iya ta daɗe tana juya gero a wuta, sannan ta leƙa wajen zaure ta ga babu kowa.

"Yau ba tatsuniya zan yi muku ba," in ji ta. "Kada wanda ya ce mini ta zo mu ji ta. Labarin uwar da ta haife ni ne."

Ta ce uwarta ba a nan ƙasar aka haife ta ba. Can kudu ne, a wani ƙauye da yake jikin dutse mai kawuna uku, inda ba a jin Hausa. Tana da kamar shekara takwas, wata safiya uwarta ta ba ta riƙon ƙanenta, ta ce su je gindin dutse su tsinto kaɗanya. A nan mahara suka same su. Aka ɗaura musu igiya tare da wasu, aka yi ta tafiya da su kwana da kwanaki. Duk tsawon hanyar ba ta saki hannun yaron ba, ko barci take yi. A wata kasuwa ne wani mutum ya duba haƙoran yaron, ya kama shi ya ja. Ta riƙe, aka buge mata hannu da sanda, ta saki. Ganinta da shi ke nan.

Ita kuma aka yi ta miƙa ta daga hannu zuwa hannu har ta faɗo rinjin nan. Ubangidan da ya saye ta ya sa wanzami ya yi mata tsaga a kumatu biyu, don ko ta gudu a gane ta. Ya raɗa mata suna Nagode.

Hanne ta ce, "Iya, sunanta na gidansu fa?"

"Ba ta taɓa faɗa mini ba. Ban sani ba ko mantawa ta yi, ko ɓoyewa take."

Nagode ta girma a gandun ubangidan, tana noma, tana sussuka, tana daka. Harshen garinsu ya yi ta zubewa daga bakinta don babu wanda za ta yi shi da shi. Aka haɗa ta da wani bawa, suka haifi ɗa namiji, Audu. Bayan wasu shekaru suka haifi Iya. Iya tana jaririya a goye, cutar agana ta shigo rinjin ta tafi da ubansu.

A tsakanin haihuwar Audu da ta Iya ne Nasara suka ci ƙasa. Labari ya yi ta yawo a kasuwanni cewa an hana cinikin mutum, wanda yake son tafiya ba a kamo shi da igiya, kuma duk ɗan da aka haifa bayan dokar ɗa ne, ba bawa ba. Wasu daga mutanen rinjin suka sulale. Nagode ta ji wasu fatake masu jakuna suna zancen wani dutse mai kawuna uku a kan hanyarsu ta kudu. Ta je gaban ubangidan ta durƙusa, ta ce tana neman izinin komawa gida da 'ya'yanta.

Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Ke ki tafi, ba zan ja da masu mulki ba. Jaririyar ma ki tafi da ita, an ce ba tawa ba ce. Amma Audu kafin dokarsu aka haife shi. Wannan nawa ne."

Ta kwana uku tana tunani. Ta ƙudurta cewa idan ta isa gida za ta zo da mazan danginta su fanshi yaron. Ta zaunar da Audu, yana da shekara bakwai, ta ce masa kafin a yi shuka za ta dawo. Ranar tafiya ya bi ta da gudu har bakin tsamiyar da take ƙarshen gandu, wata baiwa ta riƙe shi yana ta shure-shure. Iya ta ce uwarta ba ta waiwaya ba, don ta san idan ta waiwaya ba za ta tafi ba.

Ta bi fataken nan a ƙasa, goye da Iya, tana yi musu girki a zango suna ba ta abin da za ta ci. Ƙafafunta suka tsattsage. Da ta hango dutsen daga nesa ta gane shi, ta zauna a gefen hanya ta kasa tashi har rana ta yi tsaka.

Mutanen sun bar gindin dutsen, sun koma can sama sun kewaye kansu da shingen ƙerana. Da suka ga mace da ɗaurin zane irin na nan ƙasar, tana magana da harshen waɗanda suka saba kwashe musu 'ya'ya, sai yara suka fara jifanta. Kalmomin da suka rage mata ba su fi na ruwa da na uwa ba, su ta yi ta maimaitawa. Da ƙyar aka samo wani dattijo da yake jin Hausar kasuwa. Ta ba shi labarin kaɗanya da safiyar da aka kama su. Ya ce akwai wata tsohuwa da hakan ta faru da 'ya'yanta, tana raye, amma ta makance.

Aka kai ta. Tsohuwar tana zaune a bakin bukka. Nagode ta durƙusa, ta kama hannunta ta ɗora a fuskarta. Tsohuwar ta shafa goshi, ta shafa hanci, yatsunta suka zo kan tsagar kumatu suka tsaya. Ta yi magana, dattijon ya fassara.

"Ta ce 'yarta ba ta da tsaga. Ta ce kuma 'yarta ƙarama ce."

Nagode ta roƙe shi ya gaya mata shekaru ne suka wuce. Ya gaya mata. Tsohuwar ta janye hannunta ta sake magana.

"Ta ce idan ke ce, ina yaron da ta ba ki riƙo?"

Nan Iya ta dakata, ta tura wani itace cikin wuta. Ta ce, "Uwata ta ce har ta koma ga Allah ba ta sani ba, ko tsohuwar ba ta gane ta ba ne, ko kuwa ta gane ta sarai."

An bar ta ta kwana biyu a wata bukka ta bayan gari, ana ajiye mata abinci a ƙofa. Dattijon ya ce mata sun yi makokin yaran nan tuntuni, wanda aka yi wa makoki kuma ba ya dawowa cikin rayayyu a al'adarsu. Zancen wani ya bi ta ya fanso Audu ma bai taso ba. A rana ta uku ta goya Iya ta sauko.

Dawowar ta fi tafiyar wuya, don babu fatake, sai ta yi ta raɓe-raɓe. Ta iso rinji an riga an yi noman farko. Ta wuce kai tsaye inda ta bar yaron. Aka ce mata ya mutu, zazzaɓi ne. Ta ce a nuna mata kabarinsa, kowa ya sunkuyar da kai. Daga baya baiwar nan da ta riƙe shi a gindin tsamiya ta raɗa mata gaskiya a bakin rijiya: ubangidan ya ji tsoron kada dokar ta ƙara tsananta ya yi asara, sai ya miƙa shi a ɓoye ga wasu masu raƙuma da suka kawo gishiri, suka yi arewa da shi.

Na tuna na tambayi Iya, "To me ya sa ba ta bar garin ba, tunda an ce tana da 'yanci?"

"Ta tafi ina, ɗan nan? Kuma idan Audu ya kuɓuta ya dawo, wane wuri ya sani a duniya in ba nan ba?"

Haka Nagode ta ɗauki fartanya ta koma gandun mutumin da ya sayar mata da ɗa, babu igiya a ƙafarta, babu mai tsaronta. Ta yi masa noma, ta yi wa 'ya'yansa. Duk ayarin raƙuma da ya ratsa sai ta fita ta dudduba fuskokin masu jan akala, har lokacin da raƙuman suka daina zuwa. Da za ta rasu ta sa Iya ta yi mata alkawarin ba za ta bar Rinji ba, ko da aure.

"Shi ya sa muke nan," in ji Iya. "Jira muke."

Ba mu san Baba ya dawo daga masallaci yana tsaye a bayan rumfa ba. Bai taɓa ɗaga wa uwarsa murya ba, ranar ma bai ɗaga ba. Ya ce, "Iya, don Allah ki bar wannan zance. Yaran nan makaranta za su yi, aure za su yi. Ki bar su su shiga mutane."

Ta ce, "To, na bari." Ba ta ƙara ba kuwa. Shekarar da ta rasu Baba ya sayar da gonarmu ya mayar da mu cikin Buji. Lokacin da na zo neman aure a Dutse, a gidan malamai, ya gaya wa surukaina cewa kakanninmu daga Barno suka zo da allunansu. Ina zaune a wajen, ban musa ba.

Na daɗe ina ɗaukar labarin nan a matsayin labarin muguntar mutanen da, abin da ya wuce ya ƙare. Nakan ce a raina mahara sun mutu, ubangidan ya mutu, ni ga ni da ofis da mota. Shekara biyu da suka wuce na gane ban fahimci komai ba.

Wani yaro malamin sakandare, Nasiru, ɗan wajen Garki, ya fito neman 'yata Rukayya. Yaro mai natsuwa, ita ma tana son sa. Yayyen maiɗakina suka je bincike kamar yadda aka saba. Ina cin tuwo da yamma maiɗakin nawa ta zo ta zauna kusa da ni.

"Alhaji, su Yaya sun dawo. Yaron ba shi da laifi ko ɗaya, kowa yabonsa yake. Sai dai asalin. An ce kakanninsa bayin gidan wani mai sarauta ne. Ka san gidanmu ba za su ɗauki wannan ba."

Lomar tana hannuna. Na san abin da ya kamata in faɗa, kuma ba dogon zance ba ne. Na dubi matar da muka yi shekara talatin tare, na tuna yayyenta da yadda suke ba ni wuri a gaban sahu. Na ce, "To, yadda kuka gani."

Washegari Rukayya ta same ni a zaure, idanunta sun kumbura.

"Baba, kai ma ka yarda? Kai ne fa kake gaya mana babu wanda ya fi wani sai da tsoron Allah."

Na ce, "Ki yi haƙuri, Rukayya. Asali ba abin wasa ba ne."

Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "To, Baba," ta koma ciki.

Nasiru ya yi aure bara. Wani lokaci nakan gamu da shi a bakin kasuwa, ya sauko daga babur ya rusuna ya gaishe ni, har ya tambayi mutanen gida. Hanne ta rasu, Baba ya rasu. A duniyar nan ni kaɗai na rage wanda ya san an yi wata mata da aka kira Nagode, da wani yaro Audu da ba a san inda ƙasa ta rufe shi ba. Iya ta zaɓi ranar da babu baƙo ta ba mu labarin don kada ya mutu da ita, ni kuma da aka zo inda labarin zai yi wa wani amfani sai na tsaya a layin masu duba tsaga. Dokar Nasara ta kwance igiya, amma ba ta mayar wa kowa da ɗansa ba, ba ta kuma hana jikan baiwa ya ƙi jikan bawa ba.

Rukayya tana gida har yanzu, ta ƙi sauraron kowane manemi. Ita take kawo mini abinci idan na dawo daga aiki. Takan ajiye, ta gaishe ni da ladabi, ta ɗan tsaya ko ina da magana. Sau da yawa nakan buɗe baki da niyyar in gaya mata ko su wane ne mu. Jiya ma na buɗe. Abin da ya fito shi ne, ko an kawo wuta da rana.