Ranar da Abakar Ya Sauke Arabiya

Daga masauki zuwa Kalakla

Ƙarfe biyar da kwata na asubahin wata Asabar na fito daga masaukinmu na ɗalibai a kudancin Khartoum, sanye da babbar rigar da na zo da ita daga Haɗeja, wadda ko sau ɗaya ba ta taɓa ganin wanki ba. A hammatata akwai Alƙur'ani sabo mai koren bango. Satina uku ke nan a Sudan, kuma a lokacin ina ji da kaina a Larabci, irin jin kan da ke sa mutum ya gyara wa mai shayi nahawu.

Bari in faɗi abin da ya fito da ni. Ƙanen kakana ya bar gida a ƙasa da niyyar Hajji, ya yada zango a bakin Nilu, bai sake tashi ba har Allah Ya karɓi abinsa. Ya bar 'ya'ya biyu: Baba Idi a Omdurman, da ƙanwarsa Gwaggo Zainabu a unguwar Mayo. Babana ya haɗa ni da ɗan Gwaggo, Abakar, wanda ya kira ni ranar Laraba ya ce, “Ɗan'uwa, na sauke arabiya, alhamdu lillahi. Asabar ka same ni a Kalakla, za mu kai Hajja, mahaifiyata, Omdurman.”

A wurinmu wanda ya sauke Arabiyya ya gama karatu, sai walima. Kafin la'asar na sanar da Baba, kafin magariba rabin unguwarmu sun ji cewa muna da malami a Sudan. Baba ne ma ya ce kada in kuskura in je hannu rabbana.

Na shiga bas a babbar kasuwa da ƙarfe shida saura kwata. A nan ba a ce wa direba ya tsaya da baki, yatsu ake ƙyastawa. Na ƙyasta nawa sau uku ba su yi ƙara ba, sai wata tsohuwa ta ji tausayina ta ƙyasta mini. Shida da rabi na sauka a Kalakla.

Kalakla

Na yi ta waige-waige ina neman rumfa da tabarmi. Abin da na tarar gareji ne, da wani dogon mutum mai baƙin mai har gwiwar hannu, ya rungume ni da rigata da komai.

“Ga ta,” in ji Abakar, ya nuna wata tsohuwar farar akori-kura da ta durƙusa kamar akuya za ta sha ruwa a kwata. “Shuf, duba, arabiyar ke nan. Taƙi guda muka sauke ta.”

A nan na fahimci cewa a bakin mutanen Sudan arabiya mota ce. Na ji kunya har cikin ƙashina. Da na yi masa bayani, Abakar ya yi dariya har ya zauna a kan taya, sannan ya fassara wa mai garejin, Usta Adamu, shi ma Bahaushen Mayo ne, wanda ya share hawayen dariya da bayan hannu ya aika aka kawo mini shayi da madara da zalabiya, wani soyayyen fanke nasu.

Ina shan shayin ina cika ina batsewa. Na tambayi Usta Adamu me zai sa mai hankali ya durƙusar da motarsa a garin da titinsa duk tudu ne da rami.

“Kashi-kashi ne,” in ji shi. “Samari don gayu suke yi, su bi bakin Nilu da yamma taya na leƙen bodi, 'yan mata na kallo. Wasu sun ce tana kama ƙasa a kwana, ba ta rangaji. Wannan gaskiya ne, lakin a titi mai kyau. Wasu sun ce tana rage shan mai, ni dai ban taɓa gani ba. Duk wata sai sun dawo mini da salansa a hannu.” Ya nuna Abakar da haɓa. “Shi wannan zol ɗin, mutumin nan, nasa daban. Ganyen ƙarfe biyu na cire masa a sifirin baya, na sassauta na gaba. Yanzu buhu takwas na albasa ya fi ƙarfinta, motar da ke ɗaukar ashirin.”

Da dakon albasa Abakar ke ci da gidansa. Na tambaye shi dalili, ya ce in shiga mota, zan gani da idona.

Mayo

Mun bar Kalakla takwas saura kwata. Tafiyar ba ta kai kilomita goma ba, amma ta ci mana minti arba'in, don kowane tudun rage gudu sai Abakar ya hau shi a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya. A hanya ya warware mini zancen. Shekara uku rabon Gwaggo da wanta, alhali kogi kawai ya raba su. Gwiwoyinta sun ƙi lanƙwasuwa. Ƙaramar mota ta yi mata ƙasa, in ta zauna ba ta iya tashi. Bas ta yi mata sama. Keken raksha kuwa ba a barinsa ya hau gada. Sun ce za su ɗaga ta, ta ce ita ba buhun albasa ba ce da maza za su ciccibe ta a gaban unguwa. Yanzu kuma Baba Idi ya kwanta ciwo, kullum sunanta yake kira.

“Sai na ɗauki igiya na auna tsayin gadonta,” in ji Abakar. “A kansa kaɗai take zama ta tashi da kanta. Na auna kujerar arabiya daga kan dakalin ƙofarmu, na ga taƙi guda ya rage. Khalas, shi ke nan.”

Gwaggo ta shirya tun asuba, ta naɗe cikin farin mayafi har ƙasa. Ta riƙe fuskata ta ce hancin gidanmu ne, ta tambayi mutanen Haɗeja da ba ta taɓa gani ba, ɗaya bayan ɗaya. Hausarta irin ta kakata ce, har na ji ƙwalla ta taso mini. Abakar ya matso da motar jikin dakali, ya buɗe ƙofa, ya koma gefe ya harɗe hannuwa. Gwaggo ta tako da sandarta, ta juya baya, ta zauna a kujerar kamar yadda take zama a gadonta, ta jawo ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya taɓa ta. Ta dubi matan da suka leƙo ta katanga ta ce, “To, me ake jira?”

Gada

Ƙarfe tara da minti goma muka tashi, Gwaggo a gaba, ni a baya kan tabarma, babbar rigata na shan iska. Kimanin kilomita ashirin da biyar ne zuwa gidan Baba Idi. A bakin gadar Farin Nilu wani ɗan sandan hanya ya tsayar da mu, ya zagaya motar, ya tambayi Abakar ko yana jin kansa saurayi ne. Abakar ya nuna masa Gwaggo ya yi bayani a taƙaice. Mutumin ya sunkuya ya gaishe ta, ya ce ta sa shi a addu'a, ya ɗaga mana hannu.

A kan gada na hango inda farin ruwa da baƙi suke haɗuwa, kowanne na tafiya da launinsa. Ta gilashin baya na ga Gwaggo ba ta ko kalli kogin ba, idonta na kan ɗaya gaɓar.

Omdurman

Ƙarfe goma da rabi muka shiga lungun su Baba Idi, cikin motar ya karci ƙasa sau biyu. A nan ba dakali. Na ga fuskar Gwaggo ta canza, ni kuwa na san in dai sai an ɗaga ta, a motar za ta zauna har mu juya. Abakar ya sauka ya dubi lungun, ya koma ya zura tayoyin ɓangarenta cikin wata busasshiyar kwata a jikin katanga, motar ta karkata. Gwaggo ta zuro ƙafa, ƙafar ta sami ƙasa.

Baba Idi na kwance a inuwar tsakar gida, ya rame ƙwarai. Tun kafin a yi sallama ya ce, “Wannan sandar Zainabu ce.” Ta zauna a bakin gadonsa ta kama hannunsa. Ba su yi kuka ba. Faɗa ma ta fara yi masa a kan rashin cin abinci, shi kuma ya ce ta tsufa. Muka bar musu wurin, muka je muka ci wake da man riɗi da burodi, muka ƙara da agashe, wanda tsirenmu ne ya zo Sudan ya riƙe sunansa na gida. Da muka dawo bayan azahar, suna nan yadda muka bar su, suna hirar wata rijiya da babansu ya haƙa.

Komawa

Mun bar Omdurman ƙarfe huɗu da rabi, wannan karon na matsu a gaba tsakaninsu. Sai da muka sauka daga gada Gwaggo ta yi magana.

“Abakar, gobe ka mayar wa arabiyarka ƙarafunanta, ka koma neman abincin yaranka.”

“A'a Hajja, Asabar mai zuwa ma za mu dawo, in sha Allahu.”

“Ka mayar, na ce. Ni da Idi mun yi sallama, mun yafi juna. Abin da na je yi ke nan.”

Na dubi Abakar. Na ga ya ƙura wa titi ido, ya hau tudun da ke gabanmu a hankali fiye da duk na baya.

A ƙofar gida a Mayo na miƙa masa Alƙur'anin. Ya ce ai shi ko izu biyar bai kai ba. Na ce Baba ne ya ce a ba wanda ya yi sauka, ni ɗan aike ne. Ya goge hannuwansa a riga ya karɓa da hannu biyu.

Na isa masauki ana kiran magariba, rigata ta tashi daga fara ta koma ruwan ƙasa. Na gode wa Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu lafiya, na gode wa Usta Adamu da shayinsa, da tsohuwar da ta ara mini yatsunta. Bayan salla Baba ya kira yana tambayar yadda walima ta kasance. Na ba shi labari tun daga igiyar har zuwa kwatar. Da na gama sai ya ce, “Kada ka gyara wa kowa zancen a unguwa. Ka bar shi yadda suka ji.”