Cindo Mai Hatimi da Bashin Ƙasa

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi marigayi a shekara ta 1939, a garin da layin dogo ya tuƙe, a daminar da aka ce wata rijiya ta yi kwana da kwanaki tana gurnani. Mahaifinsa maɗinkin buhu ne a kamfanin Turawa masu sayen auduga, mahaifiyarsa kuwa ungozoma. Ya zo duniya da yatsu shida a hannun dama, aka yi masa laƙabi da Cindo, har sunan yanka ya ɓace. Ya yi karatun allo wajen kawunsa, ya taɓa elementare bai gama ba, amma ya fita da magana guda wadda ta zauna masa a zuciya: ran mamaci a rataye yake da bashinsa har sai an biya.

Aikinsa da aurensa

A shekarar da aka sauke tutar Turawa aka ɗauke shi masinja a Baitulmali, inda aka danƙa masa goge hatimin ƙasa, wani ƙarfe mai mariƙi da ya kai nauyin tunkiya. A 1964 ya auri 'yar wani maƙeri, wadda 'ya'yansu suke kira Inna, Allah ya azurta su da zuriya.

Ranar hatimi

A shekara ta 1977, lokacin da auduga take da daraja, baƙi masu ba da rance suka zo daga ƙetare, gwamnati ta amince ta ci bashi domin gina madatsar ruwa da masaƙa. Da aka zo buga hatimi, sai aka tarar Ministan Kuɗi yana fama da ciwon kafaɗa, ya danna ƙarfen ya ƙi. Ya waiwaya ya ce, "Zo nan, Cindo, kai mai yatsu shida, danna mana!" Aka yi dariya, ya danna. A daidai nan wata tsaka ta faɗo daga rufi a kan takardar. Babu wanda ya kula sai shi, kuma tun daga ranar ya ƙudurta cewa hannun da ya danna shi ne ya ci bashin.

Shekarun tsanani

Ba a daɗe ba farashin auduga ya faɗi a kasuwar duniya, kuɗin ruwa ya yi ta hawa har ya zarce uwar kuɗin. Madatsar ta cika da yashi, masaƙar kuma ba ta taɓa saƙa ko ƙyalle ba, tattabaru suka mai da injinanta gida. A 1986, bisa sharaɗin masu rance, aka karya darajar kuɗi aka rage ma'aikata, har da shi.

Ya koma gida ya rungumi rediyo, yana sauraron kasafin kuɗin kowace shekara kamar mai jiran hukunci. Ya zagaya malamai yana neman fatawa. Kowa ya ce masa bashin hukuma ba ya hawa wuyan masinja, amma da ya nemi su rantse, babu wanda ya yarda. An ruwaito Inna tana ce masa, "Malam, kai da ko akuya ba ka da ita, wa zai biyo ka bashin madatsa? Fara biyana kuɗin cefanen jiya."

A 2004 aka yafe wa ƙasar wani kaso, ya yi sadaka da zakara, ƙiba ta fara kama shi. Kafin shekara uku aka ci sabon bashi domin biyan ragowar tsohon, ya sake ramewa.

Rasuwarsa

Ya rasu ranar wata Talata a shekara ta 2018, bayan gajeriyar jinya, yana tambaya ko an biya. Kafin a sallace shi, liman ya tambayi jama'a ko akwai mai bin mamacin bashi. Aka yi tsit, domin masu bin bashin suna bayan teku. Babban ɗansa, wanda ya san abin da ya hana mahaifinsa barci, ya miƙe ya ce, "Allah gafarta malam, bashin ƙasar nan da Baba ya danna wa hatimi, a sauke masa, na ɗauka."

Liman ya dube shi ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana. Amma ai bashin nan da ma yana wuyanka, 'ya'yanka ma da shi aka haife su." Aka yi salla, aka kai shi makwancinsa.

Ya bar matarsa da 'ya'ya biyar: babban direban tanka ne, mai bi masa tela, sai malamar makaranta da albashi bai ishe ta ba, da wanda ya tafi ƙasar masu rancen neman aikin wanke-wanke, sai auta, wadda ta haihu bayan sadakar bakwai. Da ungozoma ta buɗe hannun jaririn na dama, Inna ta ƙirga yatsun, ta sake ƙirgawa, sannan ta ce kada a kuskura a kai shi Baitulmali.