Irin da Ya Jira Alhaji

Duk wanda ya san Kukar Tsoho, ɗan ƙauyen nan da ke gefen hanyar Ɗambatta, ya san Inna Kaltume, ya kuma san bakinta. Gajeruwa ce mai saurin tafiya, ba ta iya magana a hankali ko a gidan makoki. Ƙuli-ƙuli take yi tun tana amarya a gidan Malam Uwaisu, kuma da shi ta rufa wa kanta asiri bayan ya rasu ya bar mata yara ƙanana da 'yar gona.

Shekarar da ya rasu yunwa ta sa ta daka irin shukarta ta dama wa yaran kunu. Da ruwa ya sauka kowa ya fita da sungumi, ita kuwa tana zaune tsakar gida tana jin ƙamshin ƙasa, kunya ta hana ta roƙo. Daga nan ta ɗauki aniya. Duk kaka sai ta bi gonaki, ta tsaya kan mai gona ta ce ya ba marayu zangarniya. Ba ta karɓar wadda aka miƙo mata, ita take zaɓa, mai kauri mai cikar ido. Magidanta su yi ta ƙunƙuni suna bayarwa. Ta rataye su a madafa hayaƙi ya hana ƙwari, ta sussuke ta gauraya da toka. Ranar da ruwan shuka ya sauka, kafin ƙasa ta sha iska, duk matar da mijinta ya mutu ta ga kwanon iri a ƙofar ɗakinta. A haka ta yi furfura, kuma ba wanda ya taɓa kiran abin da wani suna.

Sai Zubair, ɗan ƙanin mijinta da ke aiki a Kano, ya zo ya raɗa masa suna: Ƙungiyar Tallafa wa Marayu da Iyalai Mabuƙata. A faɗi gaskiya, yaron ba mugu ba ne. Ya samo wa marayu kayan makaranta, ya sa an kai wata yarinya asibiti. Sai dai yana son taro kamar yadda akuya ke son dusa. Ya zama ciyaman, aka kama shago kusa da masallaci aka ce sito ne, aka kwashe irin Inna Kaltume aka zuba a buhuna masu tambari, aka datse da kwaɗo. Ita aka ba ta "Uwar Ƙungiya", makulli kuwa yana aljihun Zubair.

Bana Alhaji Nababa, wani dillalin filaye a unguwar Bacirawa ta Kano, ya yi alkawarin ƙara taki a kan irin, da sharaɗin shi zai miƙa da hannunsa. Aka sa rana. Alhaji ya tafi Abuja, aka ɗaga. Ya dawo da mura, aka sake ɗagawa. Ruwa kuwa bai san da Alhaji ba, ya sauko ranar wata Laraba har kwatami ya cika.

Huseina ce ta fi tsaya wa Inna Kaltume a rai. Ba ta daɗe da fita takaba ba, ga yara huɗu. Gonar da mijinta yake nomawa ta aro ce, ta wansa Sha'aban, kuma a wannan yanki ba a barin ko taku ɗaya na ƙasa ya kwana banza. Sha'aban ya faɗa mata ƙiri-ƙiri: in ta shuka, gona tata ce bana, in ya ga ciyawa ta riga ta, zai karɓi abinsa.

Inna Kaltume ta sa aka kira mata Zubair a waya.

"Kai Zubairu, ƙasa ta jiƙa. Aiko da makulli."

"Inna, ki yi haƙuri, Alhaji ya ce Asabar mai zuwa, in Allah Ya yarda. In muka raba ba shi, takin ya tafi."

"Takin me za a zuba a gonar da ba shuka? Ubanka a kan takin ya rayu?"

"Inna, yanzu abin da tsari ake yi."

Ta miƙa wa mai wayar abarsa ba sallama. Ta shiga gida ta ɗauko taɓarya ta nufi sito, mayafi yana jan ƙasa. Ta maka wa kwaɗon sau biyu kafin mai unguwa da liman su fito su tare ta. Wai kayan yanzu amanar ƙungiya ne, fasawa zai jawo 'yan sanda.

"Amanar wa? Ni na zaɓe shi ɗaya bayan ɗaya! Hayaƙinsa ne ya cinye mini ido!"

Suka yi ta ba ta baki, babban ɗanta ya zare taɓaryar daga hannunta. Manya masu gemu, waɗanda suka shuka nasu tun da safe, su ne suke ce mata ta yi haƙuri.

Ba ta zauna ba. Ta bi gida-gida tana neman ragowar iri. Amma a irin wannan shekara wa yake da ragowa? Wanda ya rage da ɗan abu yana ajiye da shi don cike gurbin da bai fito ba. Nan tafi ɗaya, can rabin ludayi, har ta haɗa abin da bai cika kwano ba. Ta kama hannun Huseina suka nufi gonar. Tun daga nesa suka hango 'ya'yan Sha'aban a jere, ɗaya yana sara, ɗaya yana jefa iri yana takewa da diddige. Inna Kaltume ta tarar da Sha'aban a bakin gonar ta wanke shi tas, ya tsaya yana saurare har ta gaji.

"Inna, na jira ta. Ni ma ina da bakin ciyarwa."

Abin da ya fi ƙona mata rai ke nan, ba ƙarya ya yi ba.

Alhaji Nababa ya iso lokacin da gero ya kai gwiwa ana noman farko. Aka kafa rumfa, aka jera kujerun roba, aka ɗauko lasifika. Aka yi jawabi kan falalar riƙon maraya har liman ya share hawaye. Aka kira Uwar Ƙungiya ta zauna kusa da Alhaji, ta ce ƙafarta na ciwo, ta tsaya can baya ta harɗe hannu. Da aka kira Huseina ta fito kanta a ƙasa, Alhaji ya riƙe kunnen buhu ɗaya ita ta riƙe ɗaya, aka ɗauki hoto, aka tafa. Takin ta bar shi nan wani ya saya, ta ɗauki irin ta tafi.

Inna Kaltume ta bi ta a baya, a zatonta gida za ta. Sai ta ga ta karkata wajen injin niƙa. Huseina ta bushe tokar a faifai, ta juye geron a bokiti ta tura layi. Mai injin ya ɗebo ya murza a tafin hannu.

"Kai, wannan ai iri ne! Niƙa shi za a yi?"

Huseina ba ta ɗago ba. Inna Kaltume ta dubi ƙaramin yaron da ke riƙe da zanen uwarsa yana kallon bokitin.

"Niƙa," in ji Inna Kaltume. "Ka sa ya yi laushi, na kunu ne."