Malam Bukar da Amanar Kifin Likita

Da hantsi labarin ya same ni. Ina tsugune a kasuwar Haɗeja ina zaɓen busasshiyar kuɓewa, sai na ji mutum ya tsaya a kaina. Na ɗaga kai na ga Modu, babban ɗan Malam Bukar, ƙafafunsa duk yashin kogi. Ya ce, "Baba Sambo, abokinka ya cika." Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, na miƙe na bi shi, kwandona na gaban mai kuɓewa ban ko tuna da shi ba. Mun daɗe muna ganin yadda tari ke cin jikinsa.

Ni kuku ne a gidan Likita, Baturen da ke duba marasa lafiya a garin nan, a can kuma na san marigayi. Mutumin Guri ne, kakanninsa daga bakin Tafkin Chadi suka taso, shi kuma ya yi sana'ar su, wato kamun kifi, a fadama har ciwon baya ya raba shi da kwale-kwale. Shi Babarbare, ni Bafillace, saboda haka tun ranar farko ba mu raga wa juna ba. In ya shigo da safe sai ya ce, "Ina bawana, an dafa mini shayi?" Ni kuma in ce masa bawa ba ya tambayar ubangidansa shayi. Haka muka yi shekaru, ban taɓa kwana da fushinsa ba.

Aikin da aka ɗauke shi dominsa, wato kula da kifi, ya ba mutane dariya. Likita yana da wani akwatin gilashi cike da ruwa a falonsa, a ciki akwai kifi uku da aka kawo masa daga wata ƙasa mai nisa, ta jirgin ruwa da jirgin ƙasa har tashar Malam Madori. Shi yana kiransu diskas, mu kuwa muka sa musu kifi faifai, domin faɗi gare su kamar faifai, jikinsu da zane shuɗi da ja. Na dube su da idon kuku na ce duka ukun ba za su ishi miyar mutum ɗaya ba. Malam Bukar ya tsuguna ya daɗe yana kallonsu, sa'an nan ya ce, "Baƙi ne, Sambo. Ba su da kowa a garin nan."

Wahalar kifin nan duk a ruwa take. Likita ya gaya mana cewa koginsu na asali a cikin kurmi yake, ruwansa kamar ruwan sama ne da ganye ya jiƙa a ciki, da ɗan tsami-tsami, ba gishiri, ba kanwa. Rijiyoyinmu kuwa zartsi gare su. Wannan ban sha wuyar ganewa ba, domin ni ke kankare farin ɓawon da ruwan rijiya ke bari a butar shayi, na kuma san yadda sabulu ke ƙin kumfa a cikinsa. Shi ne abin da Likita ke kira ruwa mai nauyi. Yana da wasu ƴan takardu sirara da yake tsomawa, launinsu ya nuna ko ruwan ya karkata wajen tsami ko wajen kanwa. Da damina muka jera randuna a ƙarƙashin rufin kwano muka tara ruwan sama, da shi ake sauya wa kifin ruwa.

A shekararsa ta farko Malam Bukar ya yi kuskuren da ya bi shi har ƙarshen ransa. Likita ya fita rangadi wajen Miga, sai ɗaya daga cikin kifin ya daina cin abinci, ya yi baƙi ya koma lungu. Malam ya yi abin da kowane mutumin ƙasarsu zai yi. A wurinsu in doki ya rame kanwa ake ba shi, in saniya ta ƙi kiwo kanwa, mai jego ma kunun kanwa. Ya daka ƴar kanwa ya jiƙa, ya zuba da bisimilla. Kafin la'asar kifin ya juya ciki sama, sauran biyun suna haki a saman ruwa. Da ƙyar ya ceto su da ruwan randa.

Mai kula da dokin Likita ya ba shi shawara ya ce kyanwa ce ta yi ɓarna. Malam ya ƙi. Ranar da Likita ya dawo, a bakin ƙofa ya tare shi, tun bai cire hula ba, ya ce, "Ranka ya daɗe, na kashe maka kifi ɗaya. Magani na ba shi, irin namu." Fuskar Likita ta yi ja, ya wuce ciki. Can ya fito da takardarsa, ya sa aka jiƙa kanwa a kofi, ya tsoma, muka ga ta rine nan take. Malam ya girgiza kai ya ce, "Ashe abin da ke tayar da dokinmu shi ke kashe baƙonmu." Daga ranar ko goro ya ci sai ya wanke hannu kafin ya taɓa akwatin.

Bayan wannan ya ba ruwa hankalinsa gaba ɗaya. Likita ya koya masa abin da ya sani, shi kuma ya riƙa neman irinsa a cikin kayanmu na gida. Matarsa, Ya Falmata, ita ta tuna masa cewa jiƙon zoɓo ja ne, amma in kanwa ta taɓa shi sai ya yi duhu ya koma kore-kore. Ya gwada a gaban Likita, zoɓo da takarda suka faɗi magana ɗaya, su biyun suka yi ta murna kamar yara. Nauyin ruwa kuwa da sabulu yake aunawa, ya kaɗa a kwalba ya ga ko kumfa za ta tsaya. In yana son ɗan tsamin nan na kurmi, sai ya jefa busasshiyar bagaruwa kaɗan a randa har ruwan ya yi kalar shayi marar ƙarfi. Ba ya taɓa sauya ruwa gaba ɗaya. Yakan ce, "Ko alheri za ka yi wa kifi, yi masa a hankali." Yakan kuma ce, "Ba ya kuka, sai dai ka duba launinsa."

A gari ana kiransa bawan kifi. Tsofaffin abokan sunsa sukan tambaye shi ko ya yi wa iyayen gidansa wanka yau. Yakan yi dariya ya wuce. Modu ne abin ke ci wa rai, domin shi masunci ne mai ƙarfi, yana jin kunya a ce ubansa yana tonon tana yana yayyankawa saboda kifin da ba a ci.

Da lokacin hutun Likita ya zo, zai tafi Ingila ya daɗe, sai ya yi tunanin kai kifin wurin wani Bature a Kano. Malam ya ce hanya za ta kashe su. Ina tsaye da faranti a hannu na ji ya ce, "Ka bar mini su, ranka ya daɗe. Na kashe maka ɗaya. Waɗannan biyun, in Allah ya yarda, da rai za ka same su." Likita ya dube shi, ya miƙa masa hannu. Wannan alkawari shi ne abin da Malam Bukar ya riƙe a watanninsa na ƙarshe.

Daminar da ta wuce ba ta yi yawa ba, randunan ba su cika ba, babbar cikinsu kuma ta tsage da zafin bazara, ruwanta ya tsiyaye a ƙasa. Takardun Likita suka ƙare. Ruwan rijiya na nan birjik, amma Malam ya san abin da zai yi wa kifin. Sai ya tuna cewa in aka tona yashin kogi bayan ya ƙafe, ruwan da ke tsatsowa ya fi na rijiya sauƙi. Ya riƙa kora jaki da tuluna zuwa ta wajen Auyo, ya tona nan ya ɗanɗana ya tofar, ya matsa gaba, har ya sami inda sabulu ke kumfa. Ya dawo ya tace, ya bar shi ya kwanta, ya gauraya da ɗan ruwan saman da ya rage. A lokacin tarin ya riga ya kama shi. Na yi masa faɗa sosai, na ce, "Kai Babarbare, za ka kashe kanka a kan abin da ko gaisuwarka ba ya amsawa?" Ya ce, "Bafillace, ba kifin na yi wa alkawari ba. Amma su za su mutu in na saɓa."

Da jiki ya ƙi, ya kwanta a ɗakinsa da ke bayan gidan Likita, ya aika aka kira Modu. Ina wurin. Modu ya durƙusa ya ce, "Baba, kifi ne fa. Kullum ina cika kwando da irinsu." Malam ya yi tari ya huta, sa'an nan ya ce, "Wanda ka kama a kogi rabonka ne, Allah ya ba ka ka ci. In ruwa ya ɓaci masa, yana da inda zai gudu. Wannan a gilashi yake. Abin da ka zuba masa, shi ke nan duniyarsa." Modu ya tashi ya fita. Da gari ya waye na ga babu jakin a turkensa.

Haka aka ci gaba. Modu ya ɗebo ruwa, Ya Falmata ta jiƙa zoɓo, a kawo wa Malam a kan tabarma ya ɗanɗana, ya ɗiga ya duba launi, ya ce a zuba ko a zubar. Amma bazara ta yi tsawo, ramin yashin ma ya fara zartsi. Kifin suka yi baƙi, suka naɗe fukafukansu suka daina cin abinci. Na daina tsokanarsa a kwanakin nan, domin tsoro ya kama ni, na ga shi da su suna tafiya tare.

Ruwan farko ya sauka Malam yana da rai. Modu ya zabura zai jawo randuna, Malam ya ɗaga hannu ya hana shi. Ya ce, "Wannan wankin rufi ne, duk dattin rani yana ciki. Ku jira na biyu." Modu ya ce, "Baba, in ba su kai ba fa?" Ya ce, "Za su kai, in sha Allahu. Kada tsoro ya sa ka yi abin da na yi." Washegari Modu ya tafi kogi neman abin da za a lallaɓa da shi, yana dawowa ya tarar an rufe wa mahaifinsa ido.

Ranar addu'a muna zaune a ƙarƙashin darbejiya a ƙofar ɗakinsa, mutane sun cika, har da masuntan Guri. Liman yana cikin addu'a hadari ya haɗo daga gabas. Aka shafa, ruwa ya tsuge. Maimakon a gudu rumfa, sai na ga Modu ya nufi randuna da gudu. Wani tsoho cikin masu kiran marigayi bawan kifi ya tattare babbar rigarsa ya kama masa. Kafin ka ce me, masu zaman makoki sun watsu a ƙarƙashin rufin kwano, wannan da tulu, wancan da ƙwarya, ni da tukwanen Likita duka. Muka jiƙe sharkaf. A nan na yi kukan da ban yi ba a maƙabarta.

Wasu suka ce a kwashe tsohon ruwan a cika akwatin da sabo yanzu-yanzu. Modu ya ƙi. Ya ɗiga zoɓo ya ga ya tsaya ja, ya kaɗa sabulu kumfa ta tashi, sa'an nan ya ɗebe kaɗan ya zuba kaɗan, ya bar saura sai gobe. A hankali launin kifin ya dawo. Yanzu da nake wannan rubutu sun yi ƙwai a jikin wani gutsuren tukunya, sun ƙyanƙyashe, ƴaƴan suna manne a jikin iyayensu suna tsotsar abinci daga fatarsu, abin da ko tsofaffin masunta suka ce ba su taɓa gani ba. An ce Likita ya sauka Ikko yana hanya. Biyu ya bari, zai tarar da garke, Modu ne kuma zai tare shi a bakin ƙofa.

Ya Allah, bawanka Bukar ya riƙe abin da aka ba shi riƙo, ya tausaya wa halittar da ba ta iya roƙonsa. Ka tausaya masa, ka gafarta masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa, ka shayar da shi ruwan Alkausara. Ka ba Ya Falmata haƙuri da dangana, ka tsaya wa Modu da ƙannensa, ka sa halin ubansu ya zauna a gidan. Mu da ya bari a baya, ka sa mu cika da imani. Amin.