Daren da Kawu Ya Hau Kujerar Gaba

Kunkuru suke ce masa a tasha, kuma waɗanda suka laƙaba masa sunan, rabinsu yau da sanda suke tafiya. Wasu ma sai dai a bi su da addu'a. Shi kuwa yana nan da ƙafafunsa biyu da haƙoransa, da motar da ba ta taɓa rungumar bishiya ba. Amma je ka tasha ka tambayi gwanin direba, wallahi wani marar kunya mai fitila ɗaya za su nuna maka, wanda ke tsere da tirela a kan kwana. Abin haushi ba ya ƙarewa.

Da ɗaukar ƙwai ya fara. Wata gonar kaji ce ta ɗauke shi tun yana saurayi, shi kuwa ƙwai da dare ake tafiya da shi, don zafin rana na lalata shi. Wanda ya yi shekaru yana jan mota cike da kiret-kiret na ƙwai a cikin duhu, ko ramin da bai kai tafin hannu ba sai ya gaishe shi kafin ya wuce. Ba ya tashi sai ya goge fitilu da gilashi da hannunsa, ciki da waje. Ba ya gudun da zai kasa tsayawa a iyakar haskensa. In wani ɗan iska ya dallare masa ido da babbar fitila, ba ya ramawa. Sai ya rage gudu ya mayar da ido gefen titi, ya ce shi ba zai ƙara makaho na biyu a hanya ba.

Babbar dokarsa ita ce kujerar gaba. A wurinsa wannan kujera aiki ce, duk wanda ya zauna a kai ba shi ba barci. Zai yi ta magana, yana leƙen fuskar direba, in ya ga ido ya fara nauyi ya ce a tsaya. A zamanin ƙwai wani tsohon lebura ne ke zama masa, maƙaryaci na ƙin ƙarawa, wanda ya rantse ya taɓa kayar da kada a kokawa. Da gonar ta rufe, Kunkuru ya sayi ƙaramar bas ya koma ɗaukar fasinja, dokar kuma ta biyo shi. Ya sha sauke mai kwat da jaka ya ɗora 'yar kasuwa mai faɗa a waya. A yi ta zaginsa, ko a jikinsa.

Mutum ɗaya ne a duniya Kunkuru bai taɓa iya ɗaga ido ya kalla ba: yayan matarsa, wanda duk gidan ke kira Kawu. Shi ya riƙe ta tun tana ƙarama, ya yi aikin ofis har ya yi ritaya, kuma tun farko bai so ta auri direba ba. Tun daga ranar auren, abin da ke tsakaninsu "To, Yaya" ne kawai.

Sai ga babbar 'yar Kunkuru ta gama makarantar aikin jinya a wani gari mai nisa, za a ba su takardar shaida da safe. Zo ka ga murna. Gidan ya cika tun hantsi, ƙannen matar da 'ya'yansu, wannan na guga, wannan na neman ɗankunne, maƙwabta na shigowa da saƙon gaisuwa kamar su suka biya kuɗin makarantar. Kunkuru da ya saba barcin rana kafin tafiya, ranar ko gyangyaɗi bai samu ba. Da ya kwanta sai a buɗe ƙofa: "Baba, wace hula za ka sa?" Shi ma, a faɗi gaskiya, zumuɗi ya hana shi. Sau nawa ya tashi ya sake goge motar da ya riga ya goge.

Da an bi ta tasa, da rana za a tafi a kwana can. Kawu ya ce shi ba ya kwana a katifar kowa, a tashi da dare a isa da safe. Aka ce to.

Da aka fito, matar Kunkuru ta nufi gaba, don ita ce mai zama masa in tafiyar gida ce. Kafin ta kai, Kawu ya buɗe ƙofa ya haye, ya gyara babbar riga, ya kwantar da kujera baya. Ta kalli mijinta. Mijin ya kalli taya. Mutumin da ya sauke manya a tasha, ga shi ya zama ɗan tsako.

"Akwai magana ne?" in ji Kawu.

"Babu, Yaya."

Farkon tafiya lafiya lau. Mata na waƙa, ana tsokanar uwar yarinya wai daga yau allura kyauta. Kawu ya ba da labarin yadda shi ya fara gano yarinyar na da ƙwaƙwalwa, irin ta dangin uwa. Daga nan murya ta fara ɗaukewa ɗaya bayan ɗaya. Gari ya ƙare, fitilun titi suka ƙare, sai baƙin daji da farin layi. Kawu ya saki baki ya fara minshari, wani irin minshari mai daɗi, a hankali, kamar ana lallashin jariri.

Kunkuru ya sauke gilashi iska ta buge shi. Ya ciji leɓe. Ya ƙirga sunayen 'ya'yansa ya sake. Ya san alamun sarai, shi da ke koya wa wasu: hamma, wuya ya yi nauyi, ka wuce gada ba ka tuna ka hau ta ba. Ya ce bari ya ƙara kaɗan. Farin layin nan ya rabu biyu, ya haɗe, ya yi laushi.

Ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya ce ta dawo da shi. Motar ta riga ta sauka daga kwalta, ga rami a gefe baƙi ƙirin. Bai fizgi sitiyari ba, hannun ƙwai ne. Ya ɗaga ƙafa daga mai, ya lallaɓa ta ta hau titi. Ya leƙa madubi: matarsa, ƙannenta, yara an jingina kai da kai, duk abin da ya mallaka a duniya, ba wanda ya ko motsa. Gumi ya jiƙa masa riga.

Gidan mai na farko da ya ga haske ya shiga ya kashe mota. Shirun ne ya tashe su.

"Mun iso?" in ji Kawu.

"Ba mu iso ba, Yaya. Saura kaɗan mu isa inda ba a dawowa. Barci na yi." Kunkuru ya ci gaba. "Zan kwanta nan sai idona ya washe. In na tashi, Yaya, ka koma baya. Kujerar nan ta mai hira ce."

Wata ƙanwar matar ta toshe baki da mayafi. Kawu ya juyo gaba ɗaya.

"Ni? Ni za ka mayar baya kamar buhun gawayi?"

"Yaya, minsharinka ne ya kusa kashe mu," in ji matar Kunkuru daga baya. Ita dama bakinta ba ya da birki.

"Ke rufe min baki, ban yi barci ba. Tunani nake."

Kunkuru bai tsaya jin ƙarshen ba. Ya shimfiɗa kwali a gefen mota ya miƙe, cikin yardar Allah barci ya ɗauke shi. Da ya farka ya wanke fuska, ya sha shayi mai zafi wurin mai gadi, ya zagaya ya duba tayoyi. Ya dawo ya tarar da Kawu na nan daram a gaba, ya miƙar da kujera, ya ɗaura bel, ya tura hula ƙeya, ido jajur.

"Hira kake so ko? Tayar da mota. Yau za ka sha hira."

Suna hawa titi Kawu ya fara. Ya fara daga ranar da Kunkuru ya zo neman aure yana warin kaji. Ya bi ta kan takalmin da ya sa ranar, da gaisuwar da bai iya ba, da sunan da ya raɗa wa ɗansa na biyu ba shawara.

"Kuma ka zo min da ƙwai a matsayin tsaraba. Ƙwai. Fasassu."

"Ba fasassu ba ne, Yaya, tsagewa suka yi. Kuma ka cinye."

Sai matar ta fashe da dariya, ƙannenta suka kama, yara suka farka suna tambayar me aka yi.

"Au, ashe kana da baki?" in ji Kawu. "To rage gudu, ga mai keke can ba fitila."

"Na gan shi tun ɗazu."

"Ka gan shi, shi ya sa ka kusa kai mu rami. Kalle ni nan in ga idon."

Kunkuru ya juyo da fuska kaɗan, karon farko a rayuwarsa, suka haɗa ido.

"Hanya za ka kalla, ba ni ba," Kawu ya daka masa tsawa.

Haka aka yi ta yi. Kawu ya tono, Kunkuru ya mayar, mata na raba gardama suna ƙara zuga ta. Ko hamma ba wanda ya sake yi. Gari na wayewa suka shiga ƙofar makarantar, ga yarinya cikin fararen kaya tana tsalle tana ɗaga hannu. Aka yi ta sauka ana rungume-rungume. Kawu ya buɗe baki zai yi mata jawabin da ya shirya, murya ta ƙi fita, ta dishe ƙaf. Sai ya kama hannun Kunkuru ya tura shi gaba.

"Je ka," ya ce da raɗa. "'Yarka ce. Ka kawo mu."