Karan Awo da Jak ɗin da Bai Kai Ba

A shekarun da noman rani ya haukata mutanen Haɗeja, tun kafin a ba mu jiha, ni ma na haukace tare da su. Malamin firamare ne ni, alli ne sana'ata, amma na samu 'yar gona a fadama, na sayi wata tsohuwar a-kori-kura a gwanjo, na fara tafiya ina buɗe hammata kamar mai gonaki goma. Hanyar fadamar kuwa sunan hanya kawai ta ci. Sawun amalanke ne da kofaton shanu suka bushe a cikin laka. Duk shigar da zan yi sai cikin motar ya gogi ƙasa, in ji ƙarar har cikin haƙorana.

Maƙwabcina bakanike ne. Iyayensa mutanen Filato ne, aikin koyarwa ya kawo mahaifinsa garinmu, shi kuwa a nan aka binne cibiyarsa, bakinsa ya fi nawa Haɗejanci. Katanga ɗaya ce tsakaninmu. Naman layya daga gidana yake shiga gidansa, shinkafar Kirsimeti daga gidansa take shigo mana. Ina ce masa Injiniya don tsokana, shi kuma yana ce mini Malam, har yau ban san ko da tsokana a ciki ba. Shi na roƙa ya ɗaga mini motar. Ya ƙara mata fallen sifirin, ya sa mata manyan tayoyi, ta miƙe kamar raƙumi a cikin jakuna. Matata sai an ajiye mata kujera 'yar tsugunno take iya hawa.

Ranar da ya gama aikin, yana goge hannu da tsumma, ya ce, "Malam, kai da motarka kun yi girma. Jak ɗin da ta zo da shi ba zai ƙara taɓa ta ba. Ka je Kano ka sayo irin mai tayoyin nan da ake turawa a daɓe, amma dogo. Kada ka tsaya kallon nauyin da aka rubuta a jikinsa. Tsawo za ka duba."

Na ce na ji.

Ya ce, "Ba ka ji ba. Ni zan riƙa kwanciya a ƙarƙashinta, ba kai ba. 'Ya'yana huɗu, kuma da hannun nan nake ciyar da su."

Sai ya je ya zaro kara daga darnin wani mai tumaki, ya kafa shi a ƙasa, ya gwada shi da ƙarfen shasi, ya ƙara taƙi ɗaya da 'yan yatsu saboda saukowar taya, ya karya. Ya miƙa mini ya ce in sa mai shago ya buga jak ɗin har ƙarshensa, in kansa bai kai kan karan nan ba, ko kyauta aka ba ni in bar musu kayansu. Yana da tef na awo fa, na sha ganinsa a aljihunsa. Amma ni, mai koyar da lissafi a aji biyar, kara aka ba ni. Ya san halina da lambobi in na shiga kasuwa.

Ranar Asabar na shiga motar haya, na zauna a gefen taga, na tsayar da karan tsakanin gwiwoyina. Ba mu yi nisa ba na lura wata tsohuwa da ke kusa da ni tana kallonsa, tana kallona. Can ta yi salati a hankali ta ce, "Allah ya ba ka haƙuri, ɗan nan. Allah ya sa mai ceto ne."

Sai a lokacin na ga abin da take gani. A wajenmu, mutum ba ya yawo da kara karyayye daidai awo sai an auna mamaci za a kai wa masu haƙa. Nawa kuwa gajere ne, bai wuce tsawon jariri ba. Na ce, "Iya, ba haka ba ne, na jak ne." Ta gyaɗa kai irin na wadda ta san baƙin ciki yana sa mutum sambatu. Kafin in sake buɗe baki magana ta zagaye mota. Wani dattijo a baya ya ɗaga hannu ya ja addu'a, kowa ya shafa. Direba ya kashe kaset.

Ana iya yi mini dariya, na cancanta. Amma matata tana da cikin wata takwas a lokacin, kuma na farkon bai zo da rai ba. Na ji kamar abin da ke hannuna mutuwa yake kira. Tsoro ne ya kama ni, ba wani abu ba. Ana cikin addu'ar na zura hannu ta taga na saki karan, na ce in ya so Injiniya ya ci kansa.

A kasuwar kayan mota, mai shagon bai cuce ni ba, in faɗi gaskiya. Tambayarsa ta farko ita ce tsawon motar daga ƙasa. Na sunkuya na nuna masa wani wuri a ƙafata, tsakanin gwiwa da inda na ga dama. Ya ce ko na auno? Na ce ido ba mudu ba, ya san kima. Ya fito mini da guda biyu. Ɗaya tsoho ne na hannu, dogon wuya gare shi, fentinsa ya koɗe, mummuna. Ɗayan sabo fil, ja jawur, tayoyinsa suna ƙyalli, an rubuta masa nauyin da ko tirela aka ce zai ɗauka sai ka yarda. Mai shago ya dafa tsohon ya ce in motar mai tsawo ce wannan ya fi. Na dube shi na yi murmushin masu ilimi, na ɗauki jan.

Da na dawo ban sa a kai shi gida a ɓoye ba. Daga tasha na tura shi a kan tayoyinsa, ta gaban mai shayi, ta gaban majalisar masu dara, ina amsa gaisuwa. Injiniya ya tura shi ƙarƙashin motar a kan ɗan daɓen simintin da ke garejinsa, ya fara bugawa. Jak ya miƙe, ya miƙe, ya taɓa shasi, ya ɗan ɗaga ta, ya ƙare. Tayar tana zaune daram a ƙasa, ko gezau.

Ya ce, "Malam, ina karan?"

Na ce na manta shi a mota.

Ya jawo jak ɗin daga ƙarƙashin motar, sannan ya ce, "Mayar musu." Ban mayar ba. Mutumin da ya zagaya gari da jan jak ba ya sake zagayawa da shi zuwa tasha. Na ajiye shi a zaure. Yaran unguwa suka samu mota, suna hawa bibbiyu suna tura juna. Matata ta haihu lafiya lau, 'ya mace mai ƙarfin kuka, na kuwa ba wa kaina lada a zuci cewa jefar da karan nan ne ya yi aiki. A tsakanin nan, duk abin da ya samu motata da wani babban jak ɗin manyan motoci Injiniya yake ɗaga ta, bai ƙara ta da maganar ba.

Wata ranar Alhamis, ina shirin shiga fadama, fallen sifirin ɗaya ya karye a baya. Tun da sassafe masu tsinka suka cika mini kwanduna da tumatir, suna can a rana suna jira, kuma tumatirin fadama ba ya jiran kowa. Na lallaɓa da motar zuwa gareji. Injiniya ya ce babban jak ɗinsa yana hanyar Miga, wata babbar mota ta kafe an ara, sai gobe.

Na koma gida na turo jan. Na tsinci wani guntun icen darbejiya, na ɗora a kansa, na buga, sai ga taya ta bar ƙasa. Na juya ina jiran yabo.

Ya ce, "Ice a kan jak, a kan tayoyi, a ƙarƙashin mota mai tsawo. Malam, ba na shiga."

Na roƙe shi. Na ce minti nawa ne, ƙusa nawa ce. Ya ce a'a. Na ce tumatir zai ruɓe. Ya ce tumatir ne. Da na ga roƙo bai ci ba, sai na ɗauko abin da na san zai ci, don mai koyarwa ya san inda ake taɓa mutum. Na ce, "Shi ke nan, Injiniya. Ashe maƙwabtakar tamu ta shinkafa ce kawai." A gaban mutane na faɗa.

Ya sa na gungura safayar taya ƙarƙashin motar don ta tare in an samu matsala, muka ga ita ma ba ta kai ba, komai na duniya ya yi wa motar nan gajarta. Ya shimfiɗa buhu, ya ɗauki sifana, ya ce in riƙe hannun jak ɗin kada in motsa. Ya shige.

Ban motsa ba, wallahi. Ƙusa ta biyu ce ta yi gardama, ya ja ta da ƙarfi, na ga icen ya karkata a hankali. Babu wata ƙara mai girma. Motar dai ta zauna. Hannunsa na dama yana tsakanin sifirin da ƙarfen taya.

Bai yi ihu ba. Daga ƙasa na ji muryarsa, "Malam, buga jak." Na buga kamar mahaukaci, jan nan ya miƙe har ƙarshensa, ya tsaya inda ya saba tsayawa. Mutanen teburin mai shayi ne suka rugo suka kama bayan motar da hannu suka ɗaga, aka jawo shi. A babur ɗin wani muka kai shi asibiti, ina riƙe da shi ta baya, jininsa yana jiƙa mini riga.

Yatsu uku aka cire. Daga baya ya koyi riƙe sifana da hagu, amma aikin da yake yi a awa ɗaya ya koma na wuni, masu manyan motoci suka sauya gareji ɗaya bayan ɗaya, babban ɗansa ya bar makaranta ya kama masa aiki.

Ina tsaye a bakin gadonsa ranar da matarsa ta tambaye shi yadda aka yi. Na sunkuyar da kai ina jira. Ya kalli silin ya ce shi ne ya yi ganganci, ya ɗora ice a kan jak don sauri, kuma ba don Malam yana kusa ba da abin ya fi haka. Ina da baki a lokacin, lafiyarsa ƙalau, shi nake ci da shi har yau. Na yi shiru.

Bayan an sallame shi da kwana biyu, aka yi sallama da ni. Matarsa ce, ta durƙusa a ƙofar zaure riƙe da kaza, idonta cike da hawaye. Ta ce ba ta da abin da za ta biya ni, maƙwabci irina sai an tona, Allah ya saka mini, Allah ya ba 'ya'yana masu yi musu yadda na yi wa mijinta.

Na ce, "Ba komai, Madam. Yi wa kai ne."

Na kuma karɓi kazar.