Jadawalin Oga Pam

Jama'a, wannan ba ji na yi a bakin wani ba, ni ya faru da ni, kuma Allah ne shaidata. Shekarun nan ne bayan gobarar kasuwar Terminus ta Jos, ina aikin kula da kwamfutoci a wani kamfani da ke hanyar Daɗin Kowa, kullum daga Dilimi nake hawo tasi. Mu biyu ne a sashen, ni da shugabana Oga Pam, Kirista ne ɗan ƙasa, mutum mai barkwanci, Hausarsa irin ta Jos wadda ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "yana" ne a wurinsa.

Shi ya koya mini aikin suwic, wato akwatin nan mai ramuka da wayoyin duk kwamfutocin ofis ke haɗuwa a cikinsa. Akwai yadda za ka rubuta masa umarni ka sa masa lokaci, idan lokacin ya yi sai ya aiwatar da kansa ko ba kowa a wurin. To ni ina da wani hali, in na dulmiya cikin aiki sai azahar ta wuce ni, shi ne Oga Pam ya sa wa suwic ɗin jadawali, kullum ɗaya da rabi ya yanke layin kwamfutar teburina na minti ashirin. Wai tunda ladan ya kasa tashe ni, bari inji ya gwada.

Wata Talata da rana yana cikin cin gyaɗa a kujerarsa ya kife a kan tebur. Kafin mu kai asibiti ya cika. Wallahi ban yi kuka ba, ban ma ji komai ba, na je jana'iza a ƙauyensu na dawo na ci gaba da aiki kamar an cire mini wani abu a ƙirji an bar gurbin.

Mako na zagayowa na goge sunansa da kalmar sirrinsa daga suwic ɗin, na goge duk jadawalin da ya bari. Washegari ɗaya da rabi layina ya yanke. Na duba, babu umarni ko ɗaya a ciki. Na mayar da wayar kwamfutata wani rami, kashegari wancan ramin ne ya mutu, na kowa lafiya lau. Bayan wata biyu aradu ta ƙona suwic ɗin, kun san ruwan Jos, aka sayo sabo fil a kwali, ni na tsara shi da hannuna tun daga farko. Ɗaya da rabi na yi ya yanke. Ban gaya wa kowa ba, ban kuma ji tsoro ba, abin da har yau yake ba ni mamaki ke nan. Sai in tashi kawai in ɗauki buta.

Ran nan kuma sai ya yanke da sha ɗaya na safe, minti ashirin ta wuce bai dawo ba. Na jona kwamfutata kai tsaye da suwic ɗin in ga me ke faruwa. A gurbin da ake rubuta bayanin kowane rami, inda ni na sa sunana, sai na ga an rubuta:

"Tafi gida. Mama ka yana kira."

Na daɗe ina kallon rubutun. Sannan na ce wa manaja ba ni da lafiya, na fita na hau acaɓa. Ina shiga gida na tarar da ƙanwata Hadiza a tsakar gida da waya a hannu, ta ce tun ɗazu take nemana layi ya ƙi shiga, Inna ta faɗi a bakin murhu. Na shiga ɗaki, Inna ta kama hannuna ta ce, "Ka zo?" Na ce na zo, Inna. Ba ta sake magana ba, kafin la'asar ta rasu hannuna na cikin nata.

Da na koma aiki bayan sadakar bakwai, rubutun ya ɓace, layina kuma bai sake yankewa ba. Amma da na buɗe jerin jadawali sai na ga guda ɗaya, da sunana, an sa shi ya yi aiki sau ɗaya tak. Gurbin umarni babu komai, sai awa da rana da shekara, shekarar kuma can gaba da nisa. Na ɗora yatsa zan goge, na kasa. A ƙarshen watan na ajiye aikin.

Kamfanin ma ya daɗe da rufewa, ban san bolar da suwic ɗin yake ba. Ranar ce dai na haddace, ban taɓa faɗa wa ko matata ba, kuma yanzu ba ta da nisa kamar da. Ku da kuke wannan aiki, in kun gaji injin wurin da mamaci ya yi aiki, ku yi abin da ya kai ku ku rufe, ba kowane jeri ne ya kamata mutum ya karanta har ƙasa ba.